Takalman Sibbi

Duk wanda ya zauna a Nasbi ya san Ofeig tun kafin ya hango shi, domin takalminsa ke fara isowa, faf, faf, faf, sannan mai takalmin ya biyo baya. Gajeren mutum ne mai 'yan ƙafafu, amma takalmin da yake ja ya ishi ƙato, sai ya cusa busasshiyar ciyawa a ciki kafin ya zauna masa. Baƙo in ya gani yakan ƙyalƙyale da dariya. 'Yan gari ba sa yi. In baƙon ya cika tambaya, sai a nuna masa hanyar mashigin rafi, a ce ya je ya dubi dutsen da ke tsaye a can, in ya dawo a ba shi labari.

Uban Ofeig ya mutu bai bar masa komai ba sai gatari ɗaya da wata 'yar gona wadda duwatsunta sun fi sha'irinta yawa. A nan ƙasar Suwidin kuwa, saurayin da ke son ya zama wani abu hanya ɗaya ce a gabansa: ya fita viking, wato ya bi jirgi da zarar ƙanƙara ta narke, a yi fatauci inda fatauci ya yiwu, a yi ƙwace inda bai yiwu ba. Holmsten shi ne mai jirgin Nasbi, kuma ba ya ɗaukar mutum sai ya zo da makami, da tukunya, da buhun fata na kwana. Ofeig gatari kawai gare shi. Sibbi ɗan Ragna, wanda ke can ƙarshen gari, yana da tukunyar ƙarfe ta uwarsa da fatar saniyarsu da ta mutu, amma ko wuƙar kirki ba shi da ita. Suka haɗu a bakin tafki ranar da Holmsten ya kore su duka biyun, kowa ya dubi abin da ke hannun ɗan'uwansa.

"Kai gajere," in ji Sibbi, "gatarin nan ai ya fi ƙarfinka."

"Kai kuma tukunyar nan ta fi ka hankali," in ji Ofeig. "Me za ka dafa a ciki? Ƙafafunka?"

A kan wannan zagin suka ƙulla tarayya, kuma suka yi ta yadda ake yi. Suka yanko doguwar shimfiɗar ƙasa mai ciyawa, ba su tsinke bakinta biyu ba, suka ari mashi suka tokare tsakiyarta, suka shiga ƙarƙashi. Kowa ya tsaga tafin hannunsa, jini ya ɗiga ya gauraya da ƙasa, suka rantse da Tor, abin bautarsu, cewa abin da ɗaya ya samu rabi na ɗayan ne, in kuma ɗaya ya faɗi ɗayan zai tsaya masa. Bayan haka ne suka koma wurin Holmsten da gatari da tukunya da buhu, suka ɗora hannu kan ƙotar takobinsa kamar sauran mutanen jirgi, suka yi masa tasa rantsuwar, cewa ba za su ɗaga masa hannu ko harshe ba. Ya ba kowannensu awarwaron tagulla. A riƙe wannan: rantsuwar ƙarƙashin ƙasa ita ta riga ta takobi.

Jirgi ba ɗaki gare shi ba. Mutum biyu-biyu ke shiga buhun fata ɗaya su kwana, su ci a tukunya ɗaya, su ja filafili ɗaya bi da bi. Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗauka abin sha'awa ne. Ba wani sha'awa, wari ne da minshari da ƙwarƙwata. Sibbi ƙato ne, ƙafafunsa kuwa su ne abin ba'a na jirgin gaba ɗaya, don haka in sun shiga buhu shi ke cinye wurin, Ofeig ya maƙale a gefe.

"Janye kwale-kwalen nan naka daga haƙarƙarina!"

"Ka gode mini, gajere. Ba don ƙafafun nan ba da tuni sanyi ya busar da kai an rataye ka tare da kifi."

Shekara da shekaru suna haka. Suka je yamma, suka je gabas, suka dawo da fatu da gishiri da tabo. Komai suka samu Ofeig ke rabawa, kuma rabonsa ya yi suna don tsantseni: in kifi ɗaya ne sai ya tsaga shi daga kai har wutsiya, don kada wani ya ci tsakiya wani ya ci ƙaya. Da abin da ya tara ya sayi sa guda, ya auri Girid, mace mai hannun aiki da bakin da ba ya hutawa. Ita ce ke cewa ita aka ɗaura wa aure da Ofeig, amma Sibbi ya fi ta sanin yadda mijinta ke juyi a barci.

Abin ya faru a wani kogi na gabas, suna kan hanyar dawowa. Zazzaɓi ya kwantar da Ofeig, yana cikin buhu bai san inda kansa yake ba. Abin da ya iya tunawa ihu ne, da ƙarar kibau a jikin katako, da jirgi ya tsaya cak kamar an riƙe shi. Da ya farka, jirgi na tafiya lafiya a tsakiyar ruwa, buhun ya yi masa faɗi, kuma akwai wani abu a ƙarƙashin kansa a madadin matashi. Ya jawo. Takalman Sibbi ne, an haɗa su baki da baki.

"Ina Sibbi?" ya tambaya.

Holmsten ne ya amsa daga wurin da yake riƙe da akalar jirgi. "Abokinka ya gudu. Mun hau yashi, mahaya suka rufe mu da kibau daga gaɓa, ya faɗa ruwa ya nufi ɗaya gefen. Kada na sake jin sunansa a jirgina."

Ofeig ya dubi sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ga wani abin sha'awa a jikin filafilinsa.

To, a wurinmu mutuwa ba ita ce abin tsoro ba, kowa ya san da ita ya shiga jirgi. Abin tsoro shi ne a ce mutum ya gudu ya bar 'yan'uwansa. Wanda aka ce wa haka ba a sha masa giyar makoki, ba a kafa masa dutse, ba a raɗa wa jariri sunansa. Uwar Sibbi, tsohuwa Ragna, wadda idonta ya riga ya mutu, a da in ana biki kusa da murhu ake zaunar da ita. Da jirgi ya dawo da wannan labari sai aka mayar da kujerarta bakin ƙofa, inda iska ke shigowa da karnuka. Ba wanda ya ce a yi haka. Mutanen Nasbi sun iya irin wannan mugunta da ba a kama mutum ɗaya da ita.

Ofeig bai ga komai da idonsa ba, amma ya san abu biyu. Ya san Sibbi. Kuma ya san abin da kowane ɗan jirgi ya sani, cewa in jirgi ya hau yashi, wanda zai sauka ya tura shi yakan tuɓe takalmi ya ajiye, don fata ba ta son ruwa kuma tana santsi a laka. Mai gudu kuwa, wanda ke da ƙaya da tsakuwa a gabansa, ba ya barin takalminsa, balle ya tsaya ya ɗaga kan marar lafiya ya tura masa su a ƙarƙashi. Ya ƙulle igiyoyin takalman, ya rataya su a wuya, ya shiga zauren Holmsten ranar da ake shan giyar dawowa, ya faɗi wannan a gaban kowa.

Holmsten ba rago ba ne, kuma ba marowaci ba ne, gaskiya ɗaya ce. Da ya tsaya jiran mutum ɗaya a ranar, ƙila da ba wanda ya dawo. Sai dai mai jirgin da aka ji ya bar mutuminsa cikin ruwa ya ce a ja, bazara mai zuwa shi kaɗai zai zauna a jirginsa. Ya ajiye ƙahon giyarsa ya yi murmushi.

"Ofeig, ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

"To wa ya gaya maka? Takalmi?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ofeig ya jira har ta lafa, sannan ya zare awarwaron tagulla daga hannunsa, ya ɗora a gaban Holmsten.

"Ga kayanka, maigida. Na yi maka rantsuwa, amma na riga na yi wa wani kafin kai. Ba zan iya riƙe biyun ba."

Duk wanda ke wurin ya san ma'anar haka. Daga ranar ba jirgin da zai sake ɗaukar Ofeig, ya koma ga gonar duwatsu har ƙarshen ransa. Ya fita, zuciyarsa na tafasa, kuma yana jin tsoro, don bai san abin da zai ciyar da gidansa da shi ba.

Cikin mutanen jirgin akwai dattijo Toki, wanda ya fi kowa daɗewa a kan filafili. Ofeig ya same shi yana shanya kifi a bayan gidansa.

"Baba Toki, ba zan tambaye ka ko ya gudu ba."

"Ka kyauta. Bakin nan da kake gani a fuskata yake, amma ba nawa ba ne."

"Abu ɗaya zan tambaya. Me ya sauke jirgin daga kan yashi?"

Toki ya juya kifi, ya sake juya shi. "Ruwa ne ya ƙaru."

"A tsakiyar bazara, ba ko ɗigon ruwan sama?"

"Yaro, ungo kifi ka kai wa Girid." Ya danƙa masa manya guda biyu ba tare da ya dubi fuskarsa ba.

Daga nan Ofeig ya daina tambaya. Tunda masu rai ba za su faɗa ba, sai ya sa dutse ya faɗa. Kafa dutse aikin masu dukiya ne, masu bayi da shanu, amma ba dokar da ta hana talaka. Ya samu dutsen da yake so a ƙetaren tafki, dogo, mai fuska ɗaya a shafe, ya fi Sibbi tsawo. Ya dawo ya gaya wa matarsa.

"Dutse?" in ji Girid. "Duk waɗanda ke gonarka ba su ishe ka ba, sai ka yo mana baƙo daga ƙetare?"

"Na gona ƙanana ne."

"Da me za ka jawo shi?"

"Da sanmu."

"San da za mu yi huɗa da shi." Ta dube shi, ta dubi takalman da ke wuyansa, ta dubi nasa na ƙafa waɗanda yatsunsa ke leƙowa ta bakinsu. "Ko waɗannan ka sa mana, ƙafarka ta huta."

"Ba nawa ba ne."

"Rabi naka ne, ai kai ne sarkin rabo. Sa ƙafa ɗaya."

Bai yi dariya ba. Ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, ta fito da igiyar fata da ta zo da ita daga gidan ubanta, ta jefa masa a cinya.

Suka jira tsakiyar hunturu, lokacin da tafki ke daskarewa har ya ɗauki doki. Ofeig ya haɗa gungume biyu ya ɗaure, ya yi ta banƙarar dutsen da itace har ya hau kai, ya ɗaura wa san. A kan ƙanƙara nauyi ba ya wahalar ja, matsalar a baki take, inda rafi ke shigowa ƙanƙarar ba ta da kauri. Suna dab da gaɓa ta tsage. Dutsen ya tsira, don ya riga ya taɓa ƙasa, amma san ya faɗa da ƙafar gaba, ta karye. Ofeig ya yanka shi a nan da hannunsa. Ya daɗe a durƙushe a gefensa. Sannan ya miƙe ya tsaga naman biyu daidai, ya kai wa Ragna rabi.

Sauran tafiyar zuwa mashigin rafi su biyu suka yi ta, shi da Girid, suna jera gungumen itace a ƙarƙashi, su tura, su ɗauko na baya su kawo gaba. Wata rana su ci tsawon mutum, wata rana ko kamu ɗaya. 'Yan gari in sun zo wucewa sukan tsaya su ba da shawara, hannuwansu a cikin riga. Aka sa masa suna Mijin Dutse, yara suka mayar da shi waƙa.

Saura mai sassaƙa. Akwai wani mai yawo gari-gari yana yi wa manya rubutun dutse, kuma ba ya aiki don godiya. Abin daraja ɗaya da ya rage a gidan Ofeig shi ne tukunyar ƙarfe, amma rabinta na Sibbi ne, don haka ya ɗauke ta ya tafi wurin Ragna. Ya same ta a zaune tana kaɗi da laluben hannu.

"Inna, ni ne. Na zo roƙon rabin tukunya."

Ta miƙo hannu ta shafa bakin tukunyar, ta gano inda ta taɓa lanƙwasa tun Sibbi yana rarrafe. "Me za a rubuta?"

"Cewa bai gudu ba."

"Ka gani?"

"Ban gani ba, Inna."

"Ni ma ban gani ba," in ji ta. "Tafi da ita. Amma ka hanzarta, ɗana, ƙirjin nan nawa ba zai kai wani hunturun ba. Ina so in taɓa shi yana tsaye."

Mai sassaƙa ya karɓi tukunya, ya ji abin da za a rubuta, ya sosa gemu. Ya ce shi sassaƙa yake yi ba shaida ba, kuma ya tuna wa Ofeig abin da ya riga ya sani: dutsen da ke kwance ba ya magana. Sai an tsayar da shi kafin abin da ke jikinsa ya zama zance, kuma duk wanda ya sa hannu wajen tsayarwa ya tsaya ke nan a kan abin da aka rubuta. Wannan dutse kuwa yana kiran Holmsten maƙaryaci a bakin hanya. "Wa zai kama maka?" in ji shi.

"Kai dai sassaƙa," in ji Ofeig.

Ya sassaƙa, ya cika zanen da jar ƙasa, ya karanta musu: "Ofeig ya kafa wannan dutse don Sibbi, abokin tarayyarsa, jarumi. Bai gudu ba a kogin gabas." Ya saɓa tukunyarsa ya bar garin tun kafin a fara tambayarsa.

Holmsten ya ji komai, bai motsa ba. Babban mutum ba zai zare wa talaka takobi a kan dutsen da ke kwance cikin laka ba, sai a yi masa dariya. Ya san mutum ɗaya da mace ɗaya ba za su ɗaga shi ba, kuma ya san duk ƙarfafan Nasbi sun ɗora hannu kan takobinsa.

Ofeig ya zaɓi ranar da ake tafiya taron shari'a na farkon bazara, ranar da dole gari duka ya bi ta mashigin. Ya riga ya haƙa rami a gindin dutsen, ya banƙare kansa ya tokare da itace har ya ɗan ɗago, ya gicciya dogayen itatuwa biyu ya ratsa igiyar Girid ta kansu. Ƙanƙara ta narke, wurin duk laka ce mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ya je ya goyo Ragna a bayansa ya kawo ta. Ta ƙi zama, ta ce a ba ta wutsiyar igiya.

Jama'a suka taru suka tsaya. Ofeig ya kama, Girid ta kama, tsohuwa ta riƙe wutsiya. Suka ja. Dutsen ya ɗago kamar taƙi ɗaya, ya yi ɗan jim, ya koma kan tokarinsa da ƙara. Wani ya yi dariya, wata ta zungure shi. Suka sake ja, Girid ta zame ta zauna cikin laka, ta tashi tana zagin laka da dutse da duk mazan Nasbi.

A lokacin Holmsten ya iso a kan doki, mutanen jirginsa na biye. Ya dubi rubutun, ya dubi Ofeig wanda igiya ta riga ta tsaga masa tafin hannu a kan tsohon tabon rantsuwa.

"Ofeig, ya isa haka. Ka yi abin da ba wanda ya taɓa yi wa aboki, na yarda. Kankare layin ƙarshe kawai. Mutanena su ɗaga maka shi yanzu, in sa a sha masa giyar makoki a zaurena, in mayar maka da awarwaronka, har da sa."

Ba ƙaramin tayi ba ne, kuma Ofeig ya ji shi har cikin cikinsa, don gidansa ba hatsin da zai kai kaka. Ya dubi Girid. Ta share laka daga fuskarta ta harare shi.

"Layin nan na jawo daga ƙetaren tafki, maigida," in ji Ofeig. "Sauran dutse ne kawai, irinsa cike da gonata."

Ya juya ya nannaɗe igiya a hannu, ya kafa ƙafa, ya ja shi kaɗai. Tsohon takalminsa na dama ya rabe biyu ya zauna cikin laka. Bai tsaya ba, ya ci gaba da ja da ƙafa ɗaya a tuɓe, manyan takalman Sibbi na dukan ƙirjinsa. Dutsen ko gezau bai yi ba.

Sai dattijo Toki ya fito daga cikin mutanen jirgi. Bai dubi kowa ba. Ya zauna a kan wani kututture, ya kwance igiyar takalminsa a hankali, ya tuɓe, ya haɗa su baki da baki, ya ajiye a busasshen wuri. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa. Duk wanda ya taɓa shiga jirgi, da duk matar da ta taɓa auren ɗan jirgi, sun san lokacin da mutum ke yin haka.

"Toki," in ji Holmsten. "Ka manta abin da ka rantse?"

"Ban ce komai ba, maigida."

Bai nufi igiya ba. Ya zaga bayan dutsen, ya shiga laka har ƙauri, ya sunkuya ya kafa kafaɗarsa a ƙarƙashi, daidai yadda ake kafa ta a gindin jirgin da ya hau yashi. Yana nan a haka shi kaɗai, tsoho da farin gashi, sai wani ya zauna ya fara kwance nasa. Sai wani. Ba duka suka fito ba, wasu sun tsaya a bayan dokin Holmsten suna kallon ƙasa. Amma waɗanda suka fito sun isa. Toki ya yi kiran da ake yi in za a tura jirgi, suka amsa da murya ɗaya, igiya ta miƙe a hannun Ofeig. Dutsen ya tashi, ya yi tangaɗi, gindinsa ya faɗa rami da wata ƙara da aka ji ta tafin ƙafa. Mata suka ruga da duwatsu suna cusawa a gefensa.

Holmsten bai dubi dutsen ba. Jerin takalman da ke bakin hanya ya tsaya yana kallo, ya daɗe. Sannan ya karkata linzami ya ƙetare rafi shi da waɗanda suka rage masa.

Ofeig ya riƙo hannun Ragna ya kai ta. Shi ma bai iya karatu ba, amma ya sa mai sassaƙa ya nuna masa wurin tun farko, ya haddace. Ya ɗora yatsunta a kan sunan ɗanta, sannan ya gangaro da su zuwa layin ƙarshe. Ta bi zanen a hankali har ƙarshensa, ta koma ta sake bi. Ta jingina goshinta da dutsen ta yi kukan da aka hana ta yi tun dawowar jirgi, matan da suka mayar da kujerarta bakin ƙofa suna taya ta.

Da ta natsu, Ofeig ya cire takalman daga wuyansa ya sa mata a hannu. "Inna, ga kayan Sibbi. Na riƙe masa."

Ta shafa su, ta auna tsawonsu da tafin hannu, ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Sannan ta sunkuya ta lalubi ƙafafun Ofeig, ta ji ɗaya a tuɓe, ta yi sanyi ƙalau, laka da jini.

"Sa su."

"Inna, rabi ne kawai nawa."

"Ɗaya rabin nawa ne, na ba ka. Shi ga shi nan a tsaye, ba inda za shi. Kai ne ke da sauran tafiya."

Ya zauna a gindin dutsen ya zura ƙafafunsa. Suka yi masa yawa har Girid ta fashe da dariya tana share ido, ta yago busasshiyar ciyawa ta durƙusa ta cusa masa. Ya goyi tsohuwa ya nufi gari, faf, faf, faf.

Ragna ba ta kai hunturu ba, amma ta sha giyar makokin ɗanta a kusa da murhu. Ofeig bai sake shiga jirgi ba, ya ƙare rayuwarsa yana tsintar duwatsu a gona. Takalman nan sun yi shekara biyu suka mutu, kamar kowane takalmi. Ya ɗauke su ya kai wa baduku, baduku ya miƙo hannu zai auna ƙafarsa, Ofeig ya janye ta, ya tura masa tsofaffin ya ce ya yanka daidai da waɗannan.